Ranar da Na Yi wa Jikana Faɗa da Yaren Suwidin

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina, da shekarar da aka gama kullen korona jirage suka dawo tashi. A shekarar muka aurar da autarmu Zainab, kuma a wajen bikin ne na tafka abin kunyar da har yau in na tuna sai na jawo hula na rufe ido.

Abin da ya ƙara wa lamarin ciwo shi ne ni ba mafaɗaci ba ne. Baduku ne ni, a Kasuwar Kurmi nake zama, kuma a lokacin in ka shiga layinmu ka ce rumfar Damo kake nema, kowa zai nuna maka ni. Damo sarkin haƙuri. Akuya ta taɓa cinye min rabin fatar da na saro, na bi ta da kallo na ce Allah ya sa ta narke lafiya. To irin wannan mutumin ne ya yi abin da zan ba ku labari.

Ina da 'ya, Rabi, tana aure a ƙasar Suwidin, can inda suka ce sanyi na daskarar da ruwa a kan titi. Mijinta Aminu aiki ya kai shi. A can suka haifi namiji aka sa masa sunana, shi ya sa ake kiransa Halifa. Yaro ya kai shekara shida ban taɓa ɗaukar sa ba, sai dai a waya. Kuma tun yana rarrafe ake kai shi wajen reno ya wuni da 'ya'yan mutanen can, sai yarensu ya cika masa baki, Hausa kuwa sai tsinta-tsinta. In an kira mu ta bidiyo, mai ɗakina Hajiya Uwani ba ruwanta, sai ta ce, "Angona! Angona na kaina!" yaro ya yi ta dariya ko bai gane ba. Ni kuwa in aka miƙo min waya sai mu tsaya muna kallon juna kamar an haɗa baƙi biyu a tasha. Ya ɗaga min hannu, ya ruga. Abin yana ci min rai, ban dai faɗa wa kowa ba.

A daidai wannan lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci a wata firamare a Shahuci, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Na yi karatun allo tun ina yaro, amma boko ya wuce ni. Ga ni da furfura ina matse gwiwa a bencin yara (in na zauna sai an taimaka min na tashi). Malaminmu, Malam Nasiru, bai kai babban ɗana shekaru ba, amma yana da daɗin koyarwa. Ban daɗe ba na fara haɗa baƙi, har na iya rubuta saƙo a waya da yatsana. Kai, a lokacin ji nake ba abin da zai gagare ni a duniya. Allon kanti ba ya wuce ni sai na karanta shi da ƙarfi.

Da Rabi ta ce za su zo bikin Zainab har da Halifa, washegari na tare Malam Nasiru bayan an tashi.

"Malam, yaren Suwidin nake so ka koya min."

Ya kalle ni, ya kalli allo. "Baba, Hausar ma jiya-jiya muka rabu da ba-bi-bu. Ka tsallake Turanci gaba ɗaya ka tafi Suwidin?"

"Turanci ba ni da jika a cikinsa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya karɓi wayata. Ya nemo min wata Baturiya mai farin gashi da ke koyar da 'yan koyo a bidiyo, darasi-darasi. Tana bayani da Turanci, shi kuma yana juya min da Hausa. Darasin farko gaisuwa ce. Matar ta yi murmushi ta ce, "Hai." Na tsaya ina jiran sauran.

"Shi ke nan, Baba," in ji Malam.

"Shi ke nan me? Ba ina gajiya, ba ina iyali, ba yaya aka ji da sanyi?"

"Shi ke nan gaisuwar."

"Wannan ai korar kaji ce. Wuce."

Muka wuce ƙirga, muka wuce sunayen abinci, muka wuce wani na tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa. Can sai na ga matar ta haɗe rai, ta riƙe ƙugu, ta zaro ido. Na ce wannan fa? Malam ya karanta ya ce, "Yadda ake nuna fushi ne." Na ce tsaya nan, mun iso.

Ku da kuka tashi a gidan Hausawa kun san dalili. Tsakanin kaka da jika ba a lallaɓa, faɗa ake yi. Ni kakana na Gwammaja, Allah ya jiƙansa, da ya hango ni a bakin soro zai ɗauki sanda ya ce, "Ga ɗan banzan nan ya zo cinye min tuwo, ya zo ƙwace min mata! Fita min daga gida!" Ni kuma in ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, ai ni take so!" Ya bi ni mu zagaya rijiya, in ya kama ni sai na ji ya cusa min ƙuli-ƙuli a aljihu. Duk ranar da bai zage ni ba sai na san ba shi da lafiya. Ban san wata hanyar da kaka ke nuna wa jika ƙauna ba bayan wannan. Sai na ƙudurta cewa Halifa na shigowa zan tarbe shi da faɗan kaka, amma da yarensa, ya ji a jikinsa cewa yana da kaka a Kano.

Kada ku ce ni kaɗai ne wawan. Na faɗa wa Malam Nasiru, ya ce, "Kai Baba, wannan dabara ta yi! Yaron zai ji daɗi." Na faɗa wa 'yan aji, dattawa kusan goma, ba wanda ya ce uffan sai yabo. Abokin zamana a benci, Alhaji Sabo mai goro, shi ya ma ɗauki aikin horar da ni.

Jimloli kaɗan na zaɓa, zan rubuta muku su yadda kunnena ya ji. "Ya e ari fo dai," wato ina fushi da kai. "Go harifron," tafi ka ba ni wuri. "Shems," ka ji kunya. "Suluta," daina. Sai "Nu rekka de," ya isa haka. Na haddace su kamar karatun allo, har da rausaya kai. Matsalar ita ce fuskata. In na faɗa sai Alhaji Sabo ya yi tsaki.

"Haba Damo! Wannan fushi ne ko roƙon gishiri? Kai da za ka ce ka yi fushi sai ka sunkuyar da kai kamar sabon suruki?"

"To yaya zan yi, Alhaji?"

"Zaro ido! Kumbura wuya! Tuna da wanda ya taɓa cutar ka."

"Ai duk na yafe musu."

"Innalillahi. To tuna da mai keke napep ɗin da ya watsa maka ruwan kwata ranar Juma'a."

Da haka da haka har na iya. Alhaji Sabo ya durƙusa ya zama Halifa, ni in daka masa tsawa, sauran 'yan aji su ba da maki. Na yi atisaye a kan akuyoyin kasuwa, na yi a banɗaki, na yi a kan hanyar masallaci a hankali. Wata rana Hajiya ta same ni a soro ina nuna randa da yatsa ina ce mata ta ji kunya. Ta ajiye kwanon abinci a hankali ta ce, "Malam, in wani abu ne ya shige ka ka faɗa min tun da wuri a nemo mai ruƙiyya." Na yi mata bayani, ita ma ta ce ya yi kyau. Rabi kaɗai na ɓoye wa, don ina so in ba ta mamaki. Ita kaɗai ce kuwa da za ta hana ni.

An yi ta ɗaga musu tafiya, ba su iso ba sai ranar yinin biki. Gidanmu na Soron Ɗinki ya cika ya batse. Mata a tsakar gida, maza a soro da kan tabarmi a waje, yara kamar an fasa gidan tururuwa. Na sha farar shadda, babbar riga sabuwa dal, na sa ɗan takalmin jar fata da na ɗinka wa Halifa da hannuna a aljihu. Alhaji Sabo ya ara min sandarsa. 'Yan ajinmu suka zo suka jeru a gefe ɗaya, har da Malam Nasiru, kowa na jiran ya ga ɗalibi ya fitar da su kunya. Ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya.

Mota ba ta shiga lungunmu, don haka da ƙafa suka ƙaraso. Na hango su. Ga Rabi, ga Aminu, ga wani ɗan siririn yaro cikin kaftani ruwan toka yana riƙe da hannun uwarsa, yana ta zare ido saboda hayaniya da zafi. Rabi ta durƙusa ta ce, "Baba, mun same ku lafiya?" Ban ma san me na amsa mata ba. Hajiya ta leƙo daga ƙofar soro ta rangaɗa guɗa ta ce, "Angona ya iso!" Na ce a raina, yawwa, ga dalilin faɗa ya samu.

Rabi ta sunkuya ta raɗa wa yaron wani abu, ta nuna ni ta ce, "Morfar." (Daga baya na ji cewa haka suke kiran kaka na wajen uwa.) Sai yaro ya saki hannunta. Ya taho wajena shi kaɗai, ya buɗe hannuwansa biyu, yana murmushi da giɓin haƙori, bakinsa na motsi kamar zai faɗi wani abu.

Mai hankali da ya durƙusa ya rungume jikansa. Ni kuwa na miƙe tsaye, na buga sanda a ƙasa, na zaro ido, na kumbura wuya yadda Alhaji Sabo ya koya min, na kwarara:

"YA E ARI FO DAI!"

Can sai na ji 'yan ajinmu sun ɗauki tafi. Alhaji Sabo ya ce, "Allahu akbar! Damo ya iya!" Yaro ya tsaya cak, hannuwansa na nan a buɗe, leɓensa na rawa. Ni a haukana na ɗauka amsa yake shiryawa, irin ta jika mai baki. Na ce bari in ƙara masa ƙarfin gwiwa. Na nuna shi da sanda:

"SHEMS! GO HARIFRON!"

Ihun da yaron nan ya yi, ban taɓa jin irinsa ba ko a wajen kaciya. Ya juya ya faɗa cikin gida da gudu. A nan ne fa jikina ya ba ni cewa an samu matsala. Na tattare babbar riga na bi shi, na manta ban ajiye sandar ba. Ku duba min wannan hoto: uban amarya, wanda ko leƙa tsakar gida bai kamata ya yi ba a ranar, ya kutsa tsakiyar mata da sanda a ɗage yana bin ɗan baƙo.

So nake in lallashe shi. Na san ba ya jin Hausa sosai, sai na ce bari in yi masa da yarensa. To me na sani a yaren? Na laluba kaina kaf, ba komai sai kayan faɗa. Na zaɓi masu sauƙin ciki. Na yi niyyar faɗar su a hankali, amma harshen da aka horar da tsawa bai san wata murya ba.

"SULUTA! NU REKKA DE!"

Yaro ya ƙara wuta. Ya ratsa tsakanin ƙafafun masu girki, ya bangaji bencin da aka ɗora babbar robar zoɓo, ya shige ɗakin Hajiya. Robar ta yi tangal-tangal, ta jira ni na iso daidai, sannan ta kife. Santsi ya kwashe ni na zauna daɓas a tsakiyar gida. Farar shaddata ta koma ja tun daga ƙirji har ƙasa kamar ragon layya. Abin da ya rage na zoɓon kuwa ya sauka a kan leshin gwaggon ango, wata dattijuwa da ta zo da tawagar dangin miji, wadda tun safe ake lallaɓa ta kamar ƙwai.

Ta dubi zaninta, ta dube ni. Ta ce, "Wannan ne Damon da aka ce mana? To Allah ya sa amarya ba ta gado ba."

Mata suka yi ta ƙoƙarin danne dariya da bakin mayafi. Rabi ta shigo a guje, idonta ya kawo ruwa.

"Baba! Me ya yi maka?"

"Wasa nake yi masa," na ce, ina zaune a cikin zoɓo. "Wasan jika."

"Wasa? Baba, yaron nan tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa daka masa tsawa, ko a makaranta. Bai san wannan wasan ba. Tun a jirgi yake ta maimaita 'Ina wuni, Kaka' don ya faɗa maka da bakinsa. Shi ya taho ya faɗa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Aminu ya shigo ya kama hannuna ya tashe ni, kansa a sunkuye saboda surukuta, amma ina jin kafaɗarsa na girgiza don dariya. Ya rasa abin da zai ce ya sanyaya min rai, sai ya ce, "Amma fa Baba, wallahi lafazin ya fita. Ni da na daɗe a can ban kai ka ba." To ai nan gizo ke saƙar. Da na kwaɓa yaren, da yaro bai gane komai ba, da ya yi dariya. Ƙwazona ne ya kashe ni.

Halifa yana ƙarƙashin gadon Hajiya, sai da aka yi da gaske ya fito. Daga ranar, in ya ji tarina a soro sai ya nemi bayan zanin uwarsa. Ya saba da kowa a gidan. Ya ci tuwo, ya bi yara kallon tattabaru, Hajiya na ce masa ango yana ce mata amarya. Ni kaɗai ne dodo. Rabi ta zaunar da shi ta yi masa bayanin cewa a nan haka kakanni suke yi wa jikokin da suke so. Sai ya yi mata tambaya da yarensu. Na ce me ya ce? Ta ce, "Wai don me mutum zai yi kamar yana fushi da wanda yake so?" Shekara hamsin da ɗoriya ban taɓa tambayar kaina wannan ba.

Ranar Asabar na koma aji a sanyaye. Alhaji Sabo ya ce, "Kai ka yi naka, Damo, yaron ne ba shi da wasa." Malam Nasiru kuwa kunya ta hana shi haɗa ido da ni. Shi da kansa ya nemo min darasin ba da haƙuri, kalma ɗaya ce, "folot". Na je bakin ɗakin Hajiya inda Halifa yake, na tsaya a bayan labule, na sassauta murya kamar mai gaida mara lafiya, na faɗa. Can na ji ƙaramar murya ta amsa. Rabi ta leƙo tana cije leɓe ta ce, "Ya ce ya ji, amma zai yi tunani."

Takalmin ta hannun Hajiya na aika masa. Ya sa, ya yi masa daidai, bai kuma cire ba. Ana gab da tafiyarsu ubansa ya kawo shi Kurmi ya ga inda aka yi takalmin. Halifa ya tsaya nesa da rumfata yana kallon yadda nake huda fata da basilla. Na yi kamar ban gan shi ba. Ya matso. Ya ƙara matsowa. Har ya zauna a bakin tabarmata ya ɗauki guntun fata yana shinshinawa. Na kame bakina gam, don na san da na yi magana zai tashi. Wani mai saye ya zo yana tambayar jaka, na yi ta yi masa nuni da hannu kamar bebe har ya gaji ya tafi. Maƙwabtan rumfa suna ta ƙyafta ido, wani ya ɗaga murya daga can ya ce, "Baba Suluta, yau ba faɗa?" (Labari ya riga ni isa kasuwa tun washegarin biki.) Ban kula shi ba. Zaman da muka yi shiru ni da jikana, shi ne hira mafi tsawo da muka samu.

Ranar tafiya ya miƙo min hannu daga bayan uwarsa muka gaisa, kamar manyan mutane biyu da aka sasanta a gaban mai unguwa.

Bayan sun koma, Rabi ta turo min hoto a waya. Wai a makaranta aka ce kowane yaro ya zana abin da ya gani a hutu. Halifa ya zana wani dogon mutum mai hula, da sanda, da baki a wangame cike da haƙora, rigarsa ja jawur. A ƙasa ya yi rubutu da manyan baƙaƙe a karkace. Ban nemi kowa ya karanta min ba. Na bi da yatsa na haɗa da kaina: MORFAR ÄR ARG. Kaka yana fushi. Kalmar ƙarshen nan na sha ganin ta a bidiyon Baturiya. Rabi ta ce an manna zanen a bangon ajinsu, iyayen yara duk sun gani. Wato yanzu har a Suwidin an san ni da faɗa.

Na dai koyi cewa wasa sai da wanda ya san wasa ne, kuma in za ka shiga yaren mutane ka shiga ta ƙofar gaisuwa, ko da ta yi kama da korar kaji.

Ga abin da na rasa a wannan biki: robar zoɓo ɗaya, babbar riga ɗaya, mutuncina a wajen gwaggon ango, sunan Damo da na yi shekara talatin ina tarawa, da runguma ɗaya da ta taho da ƙafarta har gabana na kore ta da sanda.